Yadda ake sa wa motar golf birkin faifai mai aiki da mai

Mafi yawan motocin golf, irin su Club Car DS da Precedent da E-Z-GO TXT da tsofaffin ƙirar Yamaha, suna fitowa daga masana'anta da birkin ganga, wato wanda takalma ke matsa cikin gangar ƙarfe mai juyawa tare da taya, a tayoyin baya kaɗai, kuma waya ce ke jan takalman birkin idan an taka feda. Tayoyin gaba ba su da birki ko kaɗan. Wannan tsari ya wadatar ga aikin da aka ƙera motar dominsa, wato ɗaukar mutum biyu da jakunkunansu a kan ciyawa da gudun kilomita 19 zuwa 24 a awa. Matsala tana fitowa ne idan aka sauya wa motar hali: aka ƙara mata gudu, aka ɗaga ta, aka sa mata manyan tayoyi, aka ɗaura kujerar baya mai ɗaukar ƙarin mutum biyu, amma birkin yana nan yadda yake.

Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana hauhawa da gudu sau gudu, saboda haka motar da aka ɗaga gudunta daga kilomita 24 zuwa 40 a awa, wanda shi ne iyakar gudun ƙananan motocin da dokar Amurka ta yarda su hau titi, tana buƙatar birkin ya yi aiki kusan ninki uku. Babbar taya kuma tana cin ƙarfin birkin ta wata fuskar. Idan aka cire taya mai tsayin inci 18 aka sa mai inci 23, ƙarfin riƙon da ke isa ƙasa yana raguwa da sama da kashi ɗaya cikin biyar, ko da kuwa an matse gangar da ƙarfi iri ɗaya. Ga kuma cewa duk lokacin da aka taka birki nauyin mota yana komawa gaba, tayoyin baya su yi sauƙi su fara jan ƙasa, a daidai lokacin da su kaɗai aka dogara da su. Don haka nake ganin babbar ribar wannan aiki ita ce samar wa tayoyin gaba birki, kuma a kan hakan zan fi tsayawa.

Abin da za a tabbatar kafin a sayi kaya

Fara da sanin motarka: kamfaninta, ƙirarta da shekararta, waɗanda ake ganewa daga lambar da ke manne a jikinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba duk motocin golf ke da ganga ba. E-Z-GO RXV mai lantarki tana tsayawa ne da injinta da kuma birkin maganaɗisu da ke jikin injin, wasu Yamaha Drive kuwa birkinsu yana cikin akwatin giyar baya, yana aiki cikin mai. Kayan da aka ƙera wa TXT ba za su hau waɗannan ba, kuma yadda za a haɗa feda da masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda, ya bambanta ƙwarai.

Sai girman wil. Wil ɗin asali inci 8 ne, kuma kalifa, wato matsen da ke kama faifai daga ɓangarori biyu, ba ta samun wurin zama a cikinsa. Mafi yawan kayan da ake sayarwa suna neman wil mai inci 10 ko fiye, wasu ma sai 12. Ramukan noti huɗu ne a kan da'irar inci 4 a kusan dukan waɗannan motoci, amma zurfin cikin wil yana bambanta, shi ya sa ake samun wil mai inci 10 da ke gogar kalifa duk da girmansa ya cika. Idan motar an ɗaga ta, a san irin kayan ɗagawar da aka sa mata, saboda sau da yawa sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta, wadda makanikai ke kira sifindil, tana zuwa ne tare da kayan birkin, kuma dole ta dace da tsayin da aka ɗaga.

Shawarata ita ce a sayi kayan a haɗe daga hannun maƙeri ɗaya, kada a tsinto masta nan, kalifa can. Dalilin yana cikin yadda birkin mai ke aiki. Ruwa ba ya matsuwa, kuma matsin da aka yi masa a wuri ɗaya yana isa ko'ina cikin bututu daidai wa daida, ƙa'idar da ake jingina wa Blaise Pascal na Faransa. A ce ƙafa ta danna feda da nauyin kilo 30, hannun feda ya ninka shi sau biyar ya zama 150. Idan fistin ɗin masta yana da faɗin inci biyar bisa takwas, matsin zai kai kusan kilo 76 a kan kowace murabba'in santimita. Idan kuwa inci uku bisa huɗu ne, matsin zai sauka zuwa kusan 53. Babbar masta tana ba da feda mai tauri amma riƙo mai rauni, ƙarama kuma tana ba da riƙo mai ƙarfi amma feda ta yi nisa kafin ta kama, wani lokaci har ta taɓa ƙasa. Wanda ya haɗa kayan ya riga ya yi wannan lissafi, kuma ba abu ne da ake gyarawa da ido ba.

A tanadi jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sufanu, sufana mai auna ƙarfin ɗauri, sufanar bututun birki wadda ke rungumar noti ba ta cinye shi ba, filaya, giris na boris, gam ɗin kulle zaren kusa, maganin wanke birki, siririn tiyo mai gani-har-hanji, kwalba mai tsabta, da man birki sabo wanda ba a buɗe ba. A nemi kuma mutum na biyu, domin fitar da iska aikin mutum biyu ne.

Shirya mota

A ajiye motar a kan daɓe mai ƙarfi wanda ba shi da gangara, a cire makulli, a danne birkin ajiye mota, a sa katako gaba da bayan tayoyin baya. Idan mai lantarki ce kuma tana da makunnin da aka rubuta wa Run da Tow a ƙarƙashin kujera, a mai da shi Tow kafin a taɓa batir, sannan a cire babbar wayar nagatif. Batiran volt 36 ko 48 suna iya narkar da bakin sufana idan ta haɗa kawuna biyu, saboda haka a cire zobe da agogo. A sassauta notocin tayoyin gaba tun suna ƙasa, a ɗaga motar, a zaunar da shasi a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin da za a shiga ƙarƙashinsa ba ne, balle mota mai batiran dalma da nauyinsu ya haura kilo 150.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton sitiyari da hannuwansa da kuma yadda sandar feda ta haɗu da wayoyin birkin baya. A auna kuma nisan da feda ke tafiya kafin birkin baya ya kama, a rubuta.

Kwance na da, ɗaura sabo

A cire taya, a ɓalle hular ƙura da ke tsakiyar hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a jikinta, a miƙe fil mai baki biyu a zare shi, a kwance notin, a jawo hob ɗin tare da boris. Idan kayan sun zo da sabon sifindil, sai a raba kan tayarod, wato hannun sitiyari da ke juya taya, da tsohon, a cire kusar da yake lilo a kanta, a ɗaura sabon da giris. Sifindil na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, kuma galibi akwai alama a jikinsu. Idan kuwa tsohon za a bari, maɗaurin kalifa ne za a ɗaura a jikinsa, bayan an kankare tsatsa da datti daga fuskar da zai zauna, domin ɗan ƙurar da ta maƙale a nan ita ce ke karkatar da kalifa daga baya.

Faifai yana zuwa da ɗan mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa a ajiya, kuma dole a wanke shi tas da maganin wanke birki, fuska biyun, kafin ya haɗu da fad, wato takalmin da kalifa ke matsawa a jikin faifai. Fad ɗin da ya sha mai ya lalace, wanki ba ya dawo da shi. A ɗaura faifan a jikin hob, a sa gam a zaren kusoshi, a ɗaure su a gicciye da ƙarfin da takardar kayan ta faɗa. Boris mai tsini da ake cika wa giris da hannu yana da nasa tsarin: a cusa giris har ya fito ta ɗaya gefen, a ɗaure noti ana juya hob don boris ya zauna, a sassauta, sannan a sake matsawa kaɗan yadda hob zai juya ba tare da girgiza ba, a sa sabon fil. Tsohon fil ba a mai da shi. Boris rufaffe kuwa ana ɗaure shi ne da ƙarfin da aka ƙayyade masa kawai.

Yanzu a ɗora kalifa, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ke cinye musu yini guda. Ɗan notin fitar da iska dole ya kasance a sama. Iska tana hawa sama cikin mai, idan aka musanya kalifar hagu da ta dama notin ya koma ƙasa, to ko galan nawa na mai aka tura, kumfar tana nan maƙale a rufin kalifa, feda kuma ba za ta taɓa yin tauri ba. A duba kuma cewa faifai yana tsakiyar kalifa, tazarar dama da ta hagu daidai; idan ba haka ba, a gyara da siraran washa tsakanin kalifa da maɗaurinta. A juya hob da hannu a saurara. Ɗan gogar fad mai laushi ba laifi, amma idan yana kamawa yana saki a kowane zagaye, faifan bai zauna daidai ba, sai a kwance a sake share fuskar hob.

Masta da feda

A ganina wannan ne sashen da ya fi kowanne neman natsuwa. Kafin a ɗaura masta a mota, a fitar da iskar cikinta a kan tebur: a kama ta a matsi a kwance daidai, a cika tankinta da mai, a ɗaura gajerun tiyo daga bakunan fita a lanƙwaso su su nutse cikin man tankin, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta daina fitowa. Wanda ya tsallake wannan zai sha wahala daga baya, saboda da zarar masta ta zauna a karkace ƙarƙashin mota, iskar da ke cikinta ba ta son fita.

Maɗaurin masta yana zama a jikin shasi kusa da gindin feda. Dole ya zama ba ya motsi ko kaɗan, domin duk lanƙwasar da ya yi ƙarfin ƙafa ne ya tafi a banza. Idan sai an huda shasi, a leƙa bayan wurin tukuna don kada a huda waya ko tankin fetur, a tuna kuma shasin Club Car na alminiyom ne, ba ya son ɗauri fiye da kima. Sandar da ke tura fistin ta tafi a miƙe, ba a karkace ba, in ba haka ba za ta cinye gefen silinda, sil ya fara yoyo.

Sai tazarar sandar. Idan an saki feda, dole fistin ya koma ƙarshen mazauninsa, a sami ɗan wasa kamar milimita 1 tsakaninsa da sandar. A cikin masta akwai ƙaramin rami da mai ke komawa tanki ta cikinsa, idan sanda ta yi tsawo ta danne fistin ko da kaɗan ne, ramin zai toshe. Mota za ta tashi lafiya, amma da man ya ɗumama ya kumbura ba shi da mafita, sai birki ya fara kama kansa, faifai ya yi zafi, zafin ya ƙara kumbura man, har tayoyi su ƙi juyawa. A motar lantarki alamar farko ita ce caji ya riƙa ƙarewa da wuri. Idan kuma wasan ya yi yawa, feda za ta yi tafiyar banza kafin ta kama.

Tunda feda ɗaya ce za ta ja wayar baya ta kuma tura masta, dole a daidaita su su kama kusan lokaci guda. Idan wayoyin baya sun yi tsauri da yawa, za su tsayar da feda kafin masta ta tara matsi, sai ya zama an sa faifai amma ganga ce ke ta aiki ita kaɗai. Idan sun yi sako-sako, birkin ajiye mota ba zai riƙe ba, domin maƙallin da ke saman feda da waɗannan wayoyi yake aiki. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake son a bar gangar baya a gyara ta, a share ta, a sauya takalman idan sun cinye. Wanda ya nace sai ya sa faifai a tayoyi huɗu, ya tabbatar kalifofin baya suna da hannun da waya ke ja, domin matsin mai yana iya zurarewa a hankali cikin dare, kuma ba a barin mota a gangara bisa amanarsa. Da a cire ganga a rasa birkin ajiyewa, gara a bar ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shimfiɗa bututu

Daga masta bututu yana tafiya zuwa mararraba mai baki uku, daga nan ya rabu zuwa tayoyi biyu. Inda ba a motsi ana iya amfani da bututun ƙarfe na birki mai inci uku bisa goma sha shida, wanda aka naɗe bakinsa ninki biyu. Inda taya ke juyawa da hawa da sauka kuwa sai tiyon birki mai lanƙwasuwa. Bututun jan ƙarfe na famfo da mahaɗan matsi na aikin ruwa ba su da wuri a nan, matsin birki ya fi ƙarfinsu. A kafe bututu a jikin shasi da maƙalai kusa da kusa, a nisanta shi daga salansa a mota mai fetur, daga batira da manyan wayoyi a mai lantarki, daga kuma duk wani baki mai kaifi.

Inda tiyo ke shiga kalifa yawanci kusa ce mai rami a ciki, da washar jan ƙarfe biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sababbi ake sawa, domin lotsewarsu ce ke toshe yoyo, kuma sau ɗaya suke lotsewa. Ba a naɗa farin tef na famfo a bakin da aka naɗe. Bayan an ɗaure, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a duba tiyo bai miƙe tsam ba, bai murɗe ba, bai kuma taɓa taya ko sifirin ba. Idan masta tana ƙasa da kalifofi, mai yakan gangaro baya feda ta yi laushi bayan an ajiye mota. Maganinsa ɗan bawul ne mai riƙe matsin fam 2 a kan kowace murabba'in inci, wanda aka yi don faifai. Mai fam 10 na ganga ne, zai sa fad ya riƙa goga.

Zuba mai da fitar da iska

A yi amfani da man da maƙerin ya ambata, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 yana jure zafi har digiri 205 a ma'aunin Salsiyos kafin ya tafasa, DOT 4 kuwa 230, amma dukansu suna shan danshin iska, kuma da sun sha waɗannan lambobi suna faɗuwa zuwa wajen 140 da 155. Shi ya sa ba a amfani da ragowar kwalbar da ta daɗe a buɗe. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su. Man birki yana cin fenti, idan ya zuba a wanke da ruwa nan take.

A fara da kalifar da ta fi nisa da masta. A sa tiyo mai gani-har-hanji a kan notin iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Mataimaki ya taka feda sau uku ko huɗu a hankali ya riƙe ta a ƙasa, sannan a buɗe notin kamar rubu'in zagaye, mai da kumfa su fito, a rufe, sai a ce masa ya saki. Tsarin ba ya sauyawa: a rufe kafin a saki, in ba haka ba iskar da aka kora za ta dawo. A riƙa leƙa tanki bayan kowane zagaye huɗu ko biyar, domin tankin masta na irin waɗannan kaya ƙarami ne, idan ya ƙafe an koma farko. Ɗan bugun kalifa da ƙotar sukundireba yana sakin kumfar da ta manne a bango. Idan mai ya fito garau babu kumfa, a koma ɗaya ɓangaren, sannan a sake zagayawa sau ɗaya.

Daga nan a taka feda da ƙarfi a riƙe ta rabin minti. Idan ta tsaya cak, an yi daidai. Idan tana da laushi amma tana ƙara tauri da an yi ta bugawa, akwai sauran iska. Idan kuwa tana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa, akwai yoyo a wani mahaɗi ko a cikin masta, sai a bi kowane mahaɗi da busasshen tsumma a gano wurin.

Mai da taya da gwaji

A sa tayoyi, a juya su da hannu a tabbatar wil ba ya taɓa kalifa, a sauke motar, a ɗaure notoci a gicciye. Idan an sauya sifindil, a auna tsakanin tayoyin gaba ta gaba da ta baya. Yawanci ana son gaban ya fi ƙunci da kimanin milimita 3, amma littafin motar ne ke da magana ta ƙarshe. A mai da wayar batir, sannan a mai da makunni kan Run. Idan motar tana da fitilar birki, a duba tana kamawa.

Gwajin farko a yi shi a fili marar gangara, babu fasinja, da gudun tafiyar ƙafa. Idan mota tana ja gefe ɗaya, ko dai akwai iska a ɗaya kalifar, ko fad ya taɓa mai. Bayan haka sai a zaunar da fad: a kai gudu matsakaici, a taka birki da ƙarfi daidai har mota ta kusa tsayawa, a saki a sake tashi, kamar sau goma, sannan a yi ta tafiya 'yan mintuna ba tare da taka birki ba don faifai ya huce. Kada a tsaya cak a riƙe feda a kan faifai mai zafi, domin fad yakan bar tabo a wuri ɗaya wanda daga baya ake ji kamar rawar feda. Idan an dawo, a kusantar da hannu ga faifan biyu ba tare da taɓawa ba. Zafinsu ya zama kusan ɗaya, wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai yana goga ne.

Mai tuƙi ya sani cewa motar ta sauya hali. Yanzu tana tsayawa da sauri fiye da yadda ya saba, kuma motar golf, musamman wadda aka ɗaga, doguwa ce marar faɗi, ba ta son birki mai ƙarfi a tsakiyar kwana, waɗanda ke kujerar baya kuma su ne suka fi jin fizgar. A gwada birkin ajiyewa a kan gangara kafin a yarda da shi. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake bin kusoshin kalifa da na maɗaurin masta da notocin taya da sufana, a duba mai a tanki. Daga nan sai a riƙa leƙa fad lokaci lokaci, a sauya shi idan kaurinsa ya sauka zuwa milimita 3, a kuma zubar da man gaba ɗaya a sa sabo duk shekara biyu.